Sa'ad da Sitiyari Ya Fara Wasa

Wani dattijo maƙwabcina a Dutse yana da tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ran nan na bi shi zuwa kasuwar Shuwarin, da matarsa da jikoki uku a baya. Hanya miƙaƙƙiya ce, amma hannunsa bai huta ba, yana ta karkaɗa sitiyari dama da hagu kamar mai tankaɗe. Na ce, "Baba, lafiya motar nan kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, haka take, mun saba da juna."

To, sabon nan shi ne abin tsoro. Gama sitiyari ba ya lalacewa dare ɗaya. Kaɗan kaɗan yake ci, hannun direba kuwa yana koyon rufa masa asiri, har mai mota ya manta yadda take a dā.

Bari mu duba abin da ke ƙarƙashi. A 504, da Golf da Sharan da suke jigilar mutane tsakanin Dutse, Kiyawa da Jahun, akwai wani dogon ƙarfe mai haƙora kwance tsakanin tayoyin gaba. Makanikai suna ce da shi rak. Sandar sitiyari tana ƙarewa da ƙaramin giya wanda yake cizon haƙoran nan, yana tura ƙarfen dama ko hagu. A kowane gefe akwai tayarod mai gaɓa biyu, ta ciki da ta waje, wadda take jan taya. Gaɓar ciki tana ɓoye cikin wata roba mai lanƙwashe-lanƙwashe.

Robar nan ba ta da tsada, amma yawancin wahala daga gare ta take farawa. Zafin bazara yakan busar da ita ta tsage. Ƙurar hunturu da yashin ƙasarmu su shiga su gauraya da giris, su zama kamar dutsen wāshi. Da damina ruwa ya bi su, tsatsa ta kama. Hanyar burji mai gargada kuma ta ƙarasa aikin.

Mai karatu, ba sai ka zama bakanike ba kafin ka gwada. Ka tsai da mota a wuri mai daidai, tayoyi suna duban gaba sak. Idan sitiyarinta mai aiki da mai ne, ka bar injin a kunne. Ka sa wani ya tsuguna yana kallon tayar gaba, kai kuwa ka motsa sitiyari a hankali. Ya kamata taya ta amsa nan take. A Ingila, masu gwajin mota ba su yarda wasan sitiyari mai rak ya wuce milimita 13 a bakin da'irarsa ba, watau kusan faɗin ɗan yatsa. Na maƙwabcina ya kai yatsa huɗu kafin taya ta ko motsa.

Sa'an nan a ɗaga gaban motar. Kada ka amince da jak shi kaɗai, a tokare da kututture mai ƙarfi, a sa dutse a bayan tayoyin baya. Ka kama taya dama da hagu ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, laifin yana wajen tayarod ko rak. In kuwa sama da ƙasa ka kama ta girgiza, sai a nemi boris ko gaɓar ƙafar mota, rak ba shi da laifi. Wannan bambanci ya cece mutane da yawa daga sayen abin da ba su bukata. Yayin da ɗan'uwanka yake girgizawa, ka damƙe robar nan da hannu, za ka ji gaɓar ciki tana bugawa in ta ci. Ka duba kuma ko gidan rak ɗin kansa yana zamewa, gama wani lokaci robobin da suka riƙe shi ne kawai suka mutu. Idan ka ga mai yana ɗiga daga cikin robar, to, abin da ke tare man a ciki ya fashe.

Haƙoran rak a tsakiya suke ci, domin mota ta fi tafiya a miƙe. Saboda haka sitiyari yakan yi sako-sako a tsakiya, ya yi daidai a gefe. Akwai wurin da ake matse shi, amma a nan wasu yaran gareji suke ɓarna. Sukan ɗaure shi tam har wasan tsakiya ya ɓace, sai ka sha kwana sitiyari ya ƙi komowa da kansa. A ganina gara wasan da wannan. Haka kuma wanda ya ce zai bubbuge maka kan tayarod da guduma ko ya yi masa walda, ka yi masa godiya ka tafi. In gaɓar ta zare ana cikin gudu, tayar nan ba ta ƙara jin maganar direba.

Da muka kai motar Baba gareji, rak ɗin ashe da sauransa. Robar hagu ce ta yage, gaɓar ciki ta ci, kan tayarod na dama kuma yana lilo. Aka aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, aka sayo su, aka daidaita tayoyin gaba. Tayar hagu dai ba ta ceto ba, gefenta na ciki ya riga ya cinye har waya ta fito.