Ko babba zai iya amfani da man goge haƙori na yara?

Ƴan uwa masu karatu, a zagayen da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci an sha yi mana wannan tambaya. Magidanci ya sayo wa ɗiyansa man goge haƙori mai zaƙi da hoton dabba a jiki, kuɗi ba su kai ya sayi na biyu ba. Shin shi da uwargida za su iya aiki da shi?

Amsa ita ce: ba ya cutar da babba, amma sau da yawa ba ya isarsa.

Ga dalili. Abin da ke ruɓar da haƙori ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne da ke cin sukarin da ya maƙale a baki, kamar na shayi da alewa, su fitar da tsami mai cinye haƙori. Abin da ke kare haƙori a cikin man shi ne wani sinadari da ake rubuta sunansa "fluor" a jikin kwali. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man da ke ɗauke da shi cikin jerin magunguna na tilas, ta ƙayyade ƙarfinsa daga 1000 zuwa 1500 ppm. Wasu mayukan yara kuwa 500 kawai gare su. Wannan ya yi wa babba kaɗan.

Me ya sa ake rage wa yara? Domin ƙaramin yaro haɗiyewa yake yi. Sinadarin nan kamar gishiri yake a miya: kaɗan gyara, da yawa ɓarna. Mutanen Tibirin Gobir sun shaida haka a shekarun 1990, lokacin da ya yi yawa a ruwan shan garin, ya ɓata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa.

To, ga inda karatunmu zai yi mana rana. Kafin mu biya kuɗi, mu juya kwalin mu nemi lambar da ke gaban haruffan ppm. In mun ga 1000 ko 1450, kwali ɗaya ya ishi gida duka, muddin an kiyaye awo:

Yaron da bai kai shekara 3 ba: kamar ƙwayar shinkafa.
Daga shekara 3 zuwa 6: kamar ƙwayar wake, babba yana tsaye har ya tofar.
Babba: kamar ƙwayar wake ma ta isa.

Mu goge sau 2 a rana, da safe da kuma kafin barci, minti 2 kowane lokaci. In mun gama mu tofar, kada mu kuskure baki da ruwa nan take. Kowa da buroshinsa, ba a aro. Asawaki ma kada mu yar da shi, yana fitar da datti. Wanda haƙorinsa ya riga ya yi kogo kuwa, man ba zai cike shi ba, sai ya tafi likita.

Allah ya ba mu lafiya.