Yadda Ake Auna Aikin Shugaban Jami'a: Wa'adinsa, Albashinsa da Masu Bin Diddiginsa

Mun shirya wannan bayani ne domin wayar da kan jama'ar Jihar Kebbi, musamman iyaye da ɗalibai, game da muƙamin shugaban jami'a. Manomin shinkafa a fadamar Augie, wanda yake sayar da buhunan shanshera bayan girbi domin ya biya wa ɗansa kuɗin rajista a Aliero ko a Kalgo, yana da haƙƙin ya san wanda aka damƙa wa amanar wannan kuɗi da shekarun yaron, da tsawon lokacin da zai yi a kan kujera, da kuma wanda zai tambaye shi in al'amura sun lalace.

Da farko ya kamata mu bambance muƙamai, domin sau da yawa ana rikita su. Uban jami'a, wanda galibi sarki ne mai daraja, muƙaminsa na girmamawa ne, kuma an fi ganinsa ranar bikin yaye ɗalibai. Majalisar gudanarwa ita ke riƙe da sha'anin kuɗi da kadarori da ɗaukar manyan ma'aikata. Majalisar malamai ita ke kula da karatu da jarrabawa da bayar da digiri. Shugaban jami'a shi ne yake tafiyar da aikin yau da kullum, shi ke jagorantar majalisar malamai, kuma shi ne yake amsa tambaya a kan kowace naira da aka kashe. A saman su duka akwai wanda doka ta kira Maziyarci: Shugaban Ƙasa a jami'o'in tarayya, irin su Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, Gwamna kuma a jami'o'in jiha, irin su Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, wadda daga baya aka sanya mata sunan Abdullahi Fodiyo.

Batun wa'adi yana da tarihi. A da, shugaban jami'a a Nijeriya yakan daɗe. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1966 zuwa 1975, wato shekara tara, kuma a zamaninsa ne jami'ar ta bunƙasa daga ƙaramar makaranta zuwa babbar cibiyar ilimi ta Arewa. Ɗan wannan yanki namu, Farfesa Mahdi Adamu, masanin tarihi daga ƙasar Yauri, ya riƙe Jami'ar Sakkwato daga 1982 zuwa 1989. Tsarin da aka saba da shi shi ne shekara huɗu, sa'an nan a iya ƙara wa mutum uku. To, a nan ne matsala ta riƙa tasowa. Da zarar wa'adin farko ya doshi ƙarewa, sai jami'a ta rabu gida biyu, masu son a ƙara da masu son a sauya, shugaba kuwa hankalinsa ya koma ga faranta wa masu ikon sabunta masa wa'adi. Gyaran dokar jami'o'i na 1996 ya rufe wannan ƙofa, ya mayar da wa'adin shekara biyar tak, babu ƙari. A ƙarƙashin wannan tsari ne Farfesa Attahiru Jega ya riƙe Jami'ar Bayero ta Kano daga 2005 zuwa 2010. Dokar ta shafi jami'o'in tarayya ne kai tsaye. Jami'o'in jihohi kowace da dokar da majalisar dokokin jiharta ta yi mata, ko da yake mafi yawansu sun bi sahun shekara biyar ɗin.

A wasu ƙasashe ba haka abin yake ba. A Amurka, kwamitin amintattu yakan ci gaba da sabunta wa shugaba kwantiragi muddin sun gamsu da shi, har Charles Eliot ya yi shekara 40 yana shugabancin Jami'ar Harvard, daga 1869 zuwa 1909. Masu goyon bayan wannan tsari suna cewa gina jami'a aiki ne na dogon zango, kamar dashen itace, kuma wanda ya san ba zai ci 'ya'yan ba yana iya yin sakaci da ban ruwa. Hujja ce mai nauyi. Tsangayar koyon aikin likita, alal misali, tana buƙatar shekara shida kafin ta yaye ɗalibanta na farko, wato fiye da wa'adin wanda ya buɗe ta.

A ganinmu wa'adi ɗaya ya yi maganin cuta ɗaya, amma ya bar wani giɓi da ba a cika lura da shi ba. Lokacin sabunta wa'adi, duk da rigimarsa, shi ne lokacin da ake zama a duba abin da mutum ya yi. Da aka kawar da shi, sai ya zamana wanda ya yi ƙwazo da wanda ya yi barci duk rana ɗaya suke tafiya, a yi musu walima iri ɗaya, a karanta musu yabo iri ɗaya. Saboda haka nauyin awo ya koma kan wasu hanyoyi biyu da gyaran dokar na 2003 ya tanada. Hanya ta farko ita ce majalisar gudanarwa, wadda aka ba ikon naɗa shugaba daga cikin mutum uku da kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu ya tantance, da kuma ikon tsige shi idan an tabbatar da babban laifi ko gazawa, bayan an ba shi damar kare kansa. Hanya ta biyu ita ce kwamitin ziyara, wanda doka ta ce Maziyarci ya tura aƙalla sau ɗaya a kowace shekara biyar domin ya binciki kuɗi da shugabanci da karatu.

Sai dai abin da ke rubuce daban, abin da ake yi daban. Kwamitocin ziyarar da Gwamnatin Tarayya ta tura a 2021 an ɗora musu binciken shekara goma ne a haɗe, daga 2011 zuwa 2020. Ke nan da yawa daga cikin shugabannin da aka binciki zamaninsu sun riga sun sauka tun da daɗewa, kuma ɗaliban da abin ya shafa sun watse. Haka kuma tsigewa ba kullum take bin ƙa'ida ba. A watan Fabrairun 2016 gwamnati ta sauya shugabannin jami'o'in tarayya 13 a lokaci ɗaya. Wasu wa'adinsu ya cika, amma na jami'o'in da aka kafa a 2013 bai cika ba, ciki har da Farfesa Lawal Suleiman Bilbis na Birnin Kebbi, wanda aka sanar da Farfesa Auwalu Yadudu a madadinsa. Ba majalisar gudanarwa ce ta zauna ta auna aikinsa ba. Sanarwa ce ta fito daga Abuja. Abin lura shi ne, a 2019 aka zaɓi Farfesa Bilbis ɗin ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A Jami'ar Legas kuwa akasin haka aka gani a 2020: majalisar gudanarwa ce ta tsige Farfesa Oluwatoyin Ogundipe a watan Agusta, Maziyarci ya kafa kwamiti na musamman, aka samu cewa ba a bi ƙa'ida ba, aka mayar da shi a watan Nuwamba.

Dangane da albashi, bayanin gajere ne. A jami'o'in gwamnati ba a zama a yi cinikin albashin shugaba kamar yadda ake yi a Turai da Amurka. Gwamnati ce take tsara ma'auni, kuma ba ya hawa ko sauka saboda ƙwazo. A Ingila, inda majalisar jami'a take yanke albashi, ƙorafin malamai da ɗalibai ya sa shugabar Jami'ar Bath, Glynis Breakwell, wadda take kan kujera tun 2001, ta sanar da saukarta a 2017, bayan an bayyana cewa tana karɓar kimanin fam 468,000 a shekara. A nan gida, wurin da ya kamata ido ya je ba takardar albashi ba ce. Gida da motoci, da kuɗin tafiye-tafiye, da ikon sa hannu a kwangila, da kuɗin shigar da jami'a take tarawa da kanta daga rajista da karatun wucin gadi da hayar shaguna, waɗannan su ne suke buƙatar a riƙa bayyana lissafinsu.

To, da me za a auna? Al'adarmu ita ce a ƙirga gine-gine. Amma ya kamata jama'a su sani cewa yawancin ɗakunan lacca da na gwaje-gwaje da ake gani a jami'o'in gwamnati, na tarayya da na jiha, da kuɗin Asusun TETFund aka gina su, kuma asusun yana ware wa kowace jami'a kasonta a kowace shekara, ko wane ne shugaba. Abin yabo a nan shi ne a ce an karɓo kason a kan lokaci, an kammala aikin, ginin kuma bai tsage ba bayan damina biyu. Haka nan ba adalci ba ne a ɗora wa shugaba alhakin abin da ya fi ƙarfinsa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2020, wanda ya kai wata tara, da na 2022, wanda ya kai wata takwas, rikici ne tsakanin ƙungiyar da Gwamnatin Tarayya a kan yarjejeniyar 2009 da tsarin biyan albashi. A jami'ar jiha ma, idan kuɗin da aka ware a kasafi bai fito ba, hannun shugaba a ɗaure yake.

Ma'aunin da ya fi kusa da gaskiya shi ne abin da yake isa ga ɗalibi. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana tantance kowane kwas, ta ba shi cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ko ta wucin gadi ta shekara biyu, ko ta hana, wanda ke nufin a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a kwas ɗin. Kwasa-kwasan injiniya da na likitanci suna kuma buƙatar amincewar hukumomin sana'arsu, idan babu ita kuwa ɗalibi zai fito da takardar da ba za ta ba shi lasisin aiki ba. Ana iya ƙirga kwasa-kwasan da suke da cikakkiyar amincewa ranar da shugaba ya hau, a sake ƙirgawa ranar da zai sauka. Ana iya duba ko sakamakon jarrabawa yana fita kafin a shiga zango na gaba, ko waɗanda suka gama suna samun tafiya aikin yi wa ƙasa hidima ba tare da zaman jiran shekara ba, ko malaman da aka tura ƙaro ilimi suna dawowa, ko kuma ƙwararrun farfesoshi suna tattara kayansu suna komawa wasu jami'o'i. Bugu da ƙari, akwai rahoton masu binciken kuɗi na shekara-shekara: an gabatar da shi ga majalisar gudanarwa, ko an bar shi ya taru?

Duk waɗannan ba sirri ba ne. Uba a Augie ko Argungu yana iya tambayar matsayin kwas a wajen NUC tun kafin ɗansa ya cike fom ɗin JAMB, domin hukumar tana wallafa sakamakon tantancewarta. Game da jami'ar jiha, Majalisar Dokokin Jihar Kebbi ita ke amincewa da kasafinta a kowace shekara, kuma kwamitinta mai kula da ilimi mai zurfi yana da ikon gayyatar shugabannin jami'ar su yi bayani. Kowace ƙaramar hukuma, har da Augie, tana da wakilci a wannan majalisa, kuma ta hannun wakilin ne ake iya neman a bayyana rahoton kwamitin ziyara na ƙarshe da matakin da gwamnati ta ɗauka a kansa.