Laila: Dare a Bakin Ibraniyawa da Aramiyawa

Duk Bahaushen da ya san Lailatul Ƙadri ya riga ya san kalmar da Ibraniyawa ke kiran dare da ita, wato laila. Ibrananci da Larabci da harshen Aramiya dangin juna ne, baƙaƙe ukun nan, l-y-l, gadon gida ne. Sai dai kalmar tana da ruɗi. Wasalin ƙarshenta irin na tamata ne, alhali a nahawun Ibrananci namiji ce.

A Littafin Farawa, duhu sunansa hoshek, kuma ya riga haske. Bai zama dare ba sai da Allah ya raba shi da haske ya raɗa masa suna. Ke nan dare duhu ne da aka yi wa iyaka, aka ba shi gurbi. Shi ne ma ke buɗe yini, domin Yahudawa daga faɗuwar rana suke fara lissafi, Asabar ɗinsu da magaribar Juma'a take shiga. Mu wannan ba baƙo ba ne a wajenmu: daren Juma'a ai ranar Alhamis yake kamawa.

Ibraniyawa sun raba dare kashi uku bisa sauyin masu gadi, kowane kashi ana ce masa ashmura. A farkon tsaron tsakiya, an sauya masu gadi ke nan, Gidiyon ya auka wa Madayanawa da mutum 300. A tsaron asuba rundunar Fir'auna ta rikice a teku. Rabon gida huɗu da ake gani a Linjila na Romawa ne.

Mutane kan jingina sunan Lilit, aljanar kufai da Ishaya ya ambata, ga laila. Kunne ne ya yaudare su. Masana sun ce asalinsa daga Mesofotamiya yake.

Da harshen Aramiya kuwa leleya ake cewa, wasalin ƙarshen yana aikin da "-n" ke yi a "daren". Sau 5 kalmar ta fito a Littafi Mai Tsarki, duk a Littafin Daniyel. Huɗu daga ciki wahayi ne: asirin mafarkin Nebukadnezzar, da dabbobi huɗu masu fitowa daga teku (sau biyu), da mai kamannin ɗan mutum a cikin gajimare. Ɗayar ba mafarki a cikinta. Daren liyafa ne da aka kashe Belshazzar, mulkin Babila ya kuɓuce, abin da tarihi ya sa a shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa.