Kukan da ke kashe mai shi: barbarar talo-talon daji da rikicin ranar buɗe farauta a Amurka

Da zarar sanyin hunturu ya ja baya a dazuzzukan Amurka, daga watan Maris zuwa Mayu, sai namijin talo-talon daji ya fara kwarara kukansa tun asuba. Ana iya jin wannan kuka daga nisan da ya kai kilomita ɗaya da rabi. Mata yake kira, amma maharba ma suna saurare. A nan ne wata muhawara ta samo tushe wadda yanzu ta shiga ofisoshin hukumomin kula da namun daji na jihohi da dama: yaushe ya dace a bar mutum ya harbi tsuntsun da ke neman mata?

Abin da ke tayar da sha'awar barbara a jikinsa shi ne ƙaruwar tsawon yini. Namiji yakan baza jelarsa kamar mahuci, ya kumbura gashinsa, ya ja fukafukansa a ƙasa, fatar kansa kuma tana sauya launi tsakanin ja da fari da shuɗi. Macen ce ke zaɓe, kuma binciken Richard Buchholz ya nuna cewa mata sun fi karkata ga namijin da tsokar da ke lilo a kan bakinsa ta fi tsawo.

Ba kowane namiji ke samun rabo ba. Tun kafin lokacin barbara mazan sun riga sun gwabza faɗa sun tantance babba da ƙarami, kuma manyan ne ke haye yawancin mata. A shekarar 2005 Alan Krakauer ya wallafa bincike daga jihar Kalifoniya wanda ya nuna cewa 'yan'uwa maza sukan haɗa kai wajen zawarci: su biyu suke rangaji gaban mace, amma babban ne kawai ke barbara, ƙaramin yana taya shi korar abokan takara.

Bayan barbara, mace takan yi sheƙa a ƙasa cikin ciyayi, ta saka ƙwai kimanin 10 zuwa 12 a cikin mako biyu, sannan ta yi kwanci na kwana 28. Namiji ba ya taya ta komai.

Dabarar maharbi ta ginu ne a kan juya wannan tsari. A ɗabi'ance namiji ke kira, mace ta zo. Maharbi kuwa yakan ɓuya ya kwaikwayi kukan mace domin namijin ya taso. Shi ya sa farauta takan yi wuya a farkon lokaci, domin namijin da mata suka kewaye ba shi da dalilin bin muryar da bai ga mai ita ba. Idan mata suka tafi kwanci, ya zauna shi kaɗai, sai ya fi saurin amsawa, musamman da hantsi. Akwai kuma haɗari: mai kwaikwayon kukan tsuntsu yana iya jawo wani maharbin, don haka ake gargaɗin kada a sa tufa ja ko fara ko shuɗiya, launukan kan namijin.

Dalilin da ya sa batun ya wuce na sha'awa kawai yana cikin tarihi. Sare daji da farauta ba bisa ƙa'ida ba sun kusa shafe tsuntsun a farkon ƙarni na 20. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin bindigogi da harsasai domin farfaɗo da namun daji, sannan daga shekarun 1950 aka riƙa kama tsuntsayen da raga ana kai su inda suka ƙare. Yawansu ya kai wajen miliyan 7 a farkon shekarun 2000, kuma ana samun su a jihohi 49, ban da Alaska. Amma tun daga lokacin adadin yake raguwa, musamman a kudu maso gabas.

Wasu masana, irin su Michael Chamberlain na Jami'ar Jojiya, suna ganin cewa kashe manyan maza kafin mata su fara saka ƙwai yana iya rikita tsarin barbara ya jinkirta kwanci. Jihohin Jojiya da Alabama sun matsar da ranar buɗe farauta gaba a 2022, suka kuma rage adadin da mutum zai iya harba. Sai dai wani binciken Jami'ar Tenesi bai ga canji a haihuwa ba bayan an jinkirta da mako biyu, abin da ya ƙarfafa masu cewa lalacewar mazauni da masu cin ƙwai irin su dila da macizai ne babbar matsala.

Maharba suna son a buɗe da wuri, lokacin da kuka ya fi yawa, kuma kuɗin lasisinsu ne ke riƙe da hukumomin da ke tsayar da ranar. Hukumomin kuwa dole su yanke hukunci kowace shekara alhali masana ba su daidaita ba. Idan suka jinkirta ba gaira ba dalili, maharba sun yi asarar 'yan makonni. Idan suka yi gaggawa alhali Chamberlain ke da gaskiya, asarar za ta bayyana ne a yawan 'yan tsakin da za a ƙyanƙyashe.