Idan Kwamfuta Ta Nemi Shawara Kan Walda: Yaya Ake Auna Takardar Bayani?

Sanin kowa ne cewa yaron mai walda ba daga littafi yake koyon sana'a ba. Yana kallon hannun maigidansa, yana sauraren ƙarar wuta, in ya rikice ya yi tambaya. To amma a 'yan shekarun nan an sami wani sabon ɗan koyo wanda ba ya shiga shago, ba ya kuma jin ƙaurin ƙarfe. Wannan shi ne manhajar ƙirƙirarriyar basira irin wadda ake aika ta ta gudanar da aiki da kanta. A nan za a kira ta ɗan aiken kwamfuta.

Shi wannan ɗan aike, idan aka yi masa tambayar da ke bukatar lissafi ko ƙwarewa, yakan nemi taimakon wata ƙaramar manhaja da aka gina musamman don wannan fanni. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic na Amurka ya fito da wata ƙa'ida mai suna MCP domin daidaita irin wannan hulɗa. Bisa ƙa'idar, kowace manhaja tana gabatar da kanta da sunanta, da bayanin aikinta, da jerin guraben da za a cike mata. Sau da yawa iyakar abin da ɗan aiken ke gani ke nan kafin ya yanke shawarar kiranta. Don haka idan manhajar ta ba da shawara kan walda ce, ingancin wannan ɗan rubutu ya zama batun da ya shafi rayuka.

Ba zuzutawa ba ce. A ranar 27 ga Maris, 1980, dandamalin Alexander Kielland, inda ma'aikatan haƙar mai ke kwana a Tekun Arewa, ya kife, mutum 123 suka rasu. Bincike ya gano cewa tsagewar ta faro ne daga wata 'yar walda mai kaurin milimita 6 da aka riƙe wani ƙaramin kayan aiki da ita.

Abu na farko da mai auna takardar bayani zai duba shi ne ma'auni. Alal misali, ana lissafin zafin da ke shiga ƙarfe ta hanyar ninka bolt da amfiya da 60, sannan a raba da saurin tafiyar hannu a milimita cikin minti ɗaya, a sake rabawa da 1,000. Bolt 24 da amfiya 120 da saurin milimita 150 za su ba da kimanin kilojul 1.15 a kowace milimita. Mai walda a Amurka kuwa inci 6 zai kira wannan sauri. Idan takardar ta ce "sauri" kawai ta yi shiru, ɗan aiken na iya jefa 6 cikin gurbin milimita, amsa ta fito 28.8, wato ninki 25. Manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, domin lissafinta daidai ne. Irin wannan ruɗani ne ya salwantar da kumbon Mars Climate Orbiter a 1999, lokacin da wani ɓangare na aikin ya yi lissafi da fam, ɗayan kuma da niyuton.

Matsalar ta fi haka kusa da gida. A kasuwannin Nijeriya da geji ake sayen sandar walda: geji 12 ita ce mai kaurin kusan milimita 2.5, geji 10 kuwa kusan 3.2. A lura, lamba na ƙaruwa, sanda na sirancewa. Mai walda ya ce "sha biyu", ɗan aike ya rubuta 12 a gurbin da ke jiran milimita, sai a ba shi ƙarfin wutar da zai huda falanki nan take. Takarda mai kyau za ta faɗi ma'aunin kowane gurbi, da mafi ƙanƙanta da mafi girman lambar da ake karɓa, da misali cikakke ɗaya ko biyu.

Na biyu shi ne iyaka. Wajibi ne takardar ta faɗi abin da manhajar ba ta sani ba. Ƙididdigar da ta dace da ƙarfen ƙofa da taga ba ta dace da alminiyam ko tukunyar gas ba. Haka nan sandar E6013 da E7018 ba ɗaya ba ne. Lambobi biyu na farko suna nuna ƙarfin jure ja, fam 60,000 ko 70,000 a kan kowane murabba'in inci, amma E7018 tana bukatar a ajiye ta a busasshen wuri mai ɗumi, domin in ta sha laima, haidirojin zai shiga waldar ya tsaga ta daga baya, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu. Manhajar da ba ta tambayi yadda aka adana sanda ba, ya kamata takardarta ta ambaci hakan. Ya kuma kamata ta faɗi tushen lambobinta, ko daga wace ƙa'idar injiniyoyi aka ɗauko su, kuma ta wace shekara.

Akwai kuma jikin mai waldar, wanda ya fi sauƙin mantawa ga wanda ya sa ƙarfe kaɗai a gaba. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta IARC da ke Liyon a Faransa ta sanya hayaƙin walda cikin rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, musamman na huhu. Manganis da ke cikin hayaƙin na iya taruwa a ƙwaƙwalwa ya haifar da karkarwa da nauyin jiki. Bututun da aka shafe da zinki kuwa, in an ƙona shi, hayaƙinsa kan kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi bayan 'yan sa'o'i, abin da a ƙasarmu yake da sauƙi a ɗauke shi zazzaɓin cizon sauro. Hasken wutar ma yana ƙona fatar ƙwayar ido, mutum ya kwana kamar an zuba masa rairayi. Ɗan aike na iya miƙa lambar amfiya ya tsaya nan, muddin ba a rubuta masa cewa tambaya kan bututu mai zinki dole ta tafi da gargaɗin iska da takunkumi ba.

Malaman kimiyya za su iya gwada wannan awo a aji ba tare da kwamfuta ba. A rubuta bayanin lissafin zafin nan a takarda, a ba ɗalibai uku da ba su taɓa riƙe sandar walda ba, a hana su tambaya, sannan a karanta musu saurin hannu a inci. Idan amsoshinsu suka sha bamban, sai ajin ya koma kan takardar ya nemo kalmar da aka bari, a ƙara ta, a sake gwadawa da wasu ɗalibai uku.