Gaskiya ko Jita-jita: Wa Ke Yanke Wa Zamfara Shawara?

"Ai komai a hannun gwamna yake." Daga Mada har Tsafe da Bungudu haka ake faɗa a majalisar mai shayi, kuma rabin maganar ce kawai gaskiya. A 2021, don yaƙi da 'yan bindiga, gwamnatin Bello Matawalle ce ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka da safarar shanu. Wannan hurumin jiha ne. Amma katse layukan waya a watan Satumba na shekarar, ko da yake gwamnan ne ya nema, hukumar sadarwa ta tarayya, NCC, ce ta umarci kamfanoni. Haka haƙar zinare: Abuja ce ta hana a Afrilun 2019, ita ce kuma ta ɗage a Disamban 2024, don tsarin mulki ya ba tarayya ma'adinai, kamar yadda ya ba ta soja da 'yan sanda.

Galibin jama'a a rediyo suka fara jin waɗannan matakai. Dillalin shanu ya wayi gari ba kara, mai POS ya kifa na'urarsa. Na yarda ba a yi wa ɗan bindiga shelar abin da za a yi masa. Amma bayan an buɗe layi, ya kamata wanda ya biya kuɗin matakin da cinikinsa ya ga lissafin abin da aka samu, a rubuce.

"An sa hanyarmu a bajet, aiki ya tabbata." Jita-jita ce, kuma 'yan siyasa na jin daɗinta. Gwamna yana kai kasafi gaban majalisar dokoki mai kujeru 24 a Gusau, kwamitoci su kira kwamishinoni su kare, a amince, ya sa hannu. Duk wannan izinin kashe kuɗi ne kurum. Saura a saki kuɗin, a ba da kwangila, a biya kafin alƙalami. Nan ne aiki kan kwana, har a sake ganin sunansa a kasafin baɗi. Mai son gaskiya ya nemi rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku, wanda shirin SFTAS na Bankin Duniya ya sa jihohi suka riƙa sakawa a intanet. Da Turanci yake, cike da alƙaluma, ana kuwa kiran wannan buɗe ƙofa!

"Takardar gwamnati sirri ce." Ba duka ba. Dokar 'yancin samun bayanai da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011 ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikata, ba sai ya faɗi dalili ba, a amsa cikin kwana 7. Jihohi sun daɗe suna cewa ba da su ake ba, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce har da su. Bayanan tsaro na cikin abin da dokar ta keɓe. Kuɗin rijiyar burtsatse da sunan ɗan kwangilar da ya karɓa ba sa ciki.