Auna Tasirin Tallafin Gyaran Shari'ar Laifuka: Misalin Matameye

Tallafin gyaran shari'ar laifuka shi ne kuɗin da gidauniyoyi, ƙungiyoyin jinƙai da ƙasashe masu hannu da shuni ke bai wa hukumomi ko ƙungiyoyin farar hula domin a kyautata yadda ake kama wanda ake tuhuma, da tsare shi, da yi masa shari'a, da hukunta shi, da mayar da shi cikin jama'a bayan ya gama wa'adinsa. Auna tasirin wannan tallafi kuwa shi ne a bincika, da hujja, ko kuɗin ya canza wani abu a rayuwar mutanen da aka bayar da shi dominsu, kuma ko canjin zai faru ko da ba a ba da kuɗin ba. Aiki ne mai wuya fiye da auna tallafin rijiya ko na allurar rigakafi, domin rijiya ana ganinta da ido, amma adalci sai an bi takardu da kwanaki kafin a gane an same shi ko ba a samu ba.

Garin Matameye, hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, wuri ne da ya dace a duba wannan batu. Yana kusa da iyakar Najeriya a kan hanyar da ta haɗa Damagaram da Daura da Kano, kuma yankinsa na cikin mafi cikar jama'a a Nijar. Akwai ƙaramar kotu da gidan kaso a garin, sai dai manyan laifuka da ɗaukaka ƙara sun dogara ne ga kotunan birnin Damagaram. Mafi yawan lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, don haka talakan da aka kama a wani ƙauyen Kance zai iya shiga kotu ya fita bai ga lauya ba. Ana yi masa shari'a da dokokin da aka rubuta da Faransanci, shi kuwa Hausa yake ji. Gefe guda kuma, masu gari da sarakuna na da ikon sasanta rigingimun gona, gado da aure, abin da ke hana ƙararraki da dama isa gaban alƙali.

Masu ba da tallafi da abin da suke tallafawa

Masu ba da kuɗi a wannan fanni iri biyu ne. Akwai hukumomin ƙasashen waje, kamar Tarayyar Turai da ta ɗauki nauyin shirin PAJED na tallafa wa shari'a da bin doka a Nijar. Akwai kuma gidauniyoyi masu zaman kansu, irin su OSIWA da aka kafa a shekara ta 2000 da mazauni a Dakar, da gidauniyar MacArthur ta Amurka wadda ta daɗe da ofishi a Abuja. Kuɗin kan bi ta hannun ƙungiyoyin da ke aiki a ƙasa. A Nijar, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH, wadda aka kafa a 1991, ta buɗe ofisoshin ba da shawarar shari'a kyauta a sassan ƙasar, ƙungiyar Grandir Dignement kuma tana aiki da yaran da ke tsare.

Ita ma gwamnati tana da nata tsari. Dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar ANAJJ domin taimaka wa marasa ƙarfi a gaban shari'a, a watan Nuwamba 2012 aka yi babban taron ƙasa kan harkar shari'a a Yamai, a 2017 kuma aka yi dokar tsarin gidajen kaso da dokar da ta ba alƙali damar yanke hukuncin aikin amfanin jama'a maimakon ɗauri. Saboda ƙarancin lauyoyi, dokar Nijar ta yarda alƙali ya naɗa wa wanda ake tuhuma mai kare shi ko da ba lauya ba ne. Yawancin tallafin da ke shigowa yana tafiya ne wajen horar da irin waɗannan mutane, da wayar da kan jama'a, da gyaran gine-gine, da koyar da sana'a a gidan kaso.

Aiki, sakamako da tasiri

Masu auna ayyukan raya ƙasa sun raba abin da tallafi ke haifarwa gida uku. Na farko shi ne aikin da aka gudanar: tarukan ƙara wa juna sani, littattafan da aka raba, shirye-shiryen rediyo, baburan da aka saya. Na biyu shi ne sakamakon kusa, wato canjin da ya bayyana a aikin ma'aikata, kamar jandarma ya riƙa rubuta ranar kamu da sa'arsa, ko magatakardan kotu ya riƙa tura takardun ƙara kan lokaci. Na uku shi ne tasiri, wato abin da ya canza ga mutumin da ke tsare da iyalinsa. Rahotanni da yawa kan tsaya a mataki na farko domin shi ne mai sauƙin ƙirgawa, kuma shi ne rasiɗai da hotuna ke tabbatarwa. Amma yawan mahalarta taro ba ya nuna cewa ko mutum guda ya kwana a gidansa maimakon gidan kaso.

Kwamitin taimakon raya ƙasa na ƙungiyar OECD ya fitar da sharuɗɗan auna ayyuka a 1991, ya sabunta su a 2019. Sun haɗa da dacewar aikin da buƙatar mutane, daidaituwarsa da sauran ayyuka, cim ma burinsa, tsimin kuɗi, tasiri da ɗorewa. A fannin shari'ar laifuka, biyun ƙarshe su ne suka fi wahalar tabbatarwa.

Abin da ya kamata a ƙirga

Ma'auni mafi ƙarfi a wuri irin Matameye shi ne kwanakin da mutum ke yi a tsare kafin a yanke masa hukunci. Dokar Nijar ta ƙayyade sa'o'i 48 ga tsarewar 'yan sanda ko jandarmomi a laifukan yau da kullum, waɗanda ba a ƙara su sai da izinin mai shigar da ƙara, ta kuma sa iyaka ga tsarewar jiran shari'a. Saboda haka ana iya ɗaukar rajistar jandarmomi, da ta kotu, da ta gidan kaso a jera su, a ga ranar da aka kama mutum, ranar da ya fara ganin alƙali, da ranar da aka yanke hukunci ko aka yi masa sakin talala. Daga nan za a san yawan masu jiran shari'a a cikin dukan fursunoni, da yawan waɗanda suka wuce wa'adin doka, da yawan waɗanda aka sallama ba tare da an same su da laifi ba bayan sun yi watanni a tsare.

Kwanakin nan suna da farashi. Manomin da aka tsare daga watan Yuni zuwa Oktoba ya yi asarar damina guda, ko da daga baya an wanke shi. Iyalinsa kan sayar da akuya ko su jinginar da gona domin kai masa abinci da bin ƙararsa. Bincike mai kyau yakan tambayi iyalai abin da tsarewar ta ci musu, ba ma'aikata kaɗai ba.

Akwai ƙarin ma'aunai: ko an raba yara da manya, ko mata na da ɓangarensu, ko akwai tafinta a zaman kotu, ko alƙalai na amfani da hukuncin aikin amfanin jama'a, da kuma yawan waɗanda ke komawa gidan kaso bayan sun fita. Wannan na ƙarshe yana buƙatar haƙuri, domin sai an bi mutum shekara guda ko biyu. A yankin Kance, inda matasa ke tafiya cin rani Najeriya, Aljeriya da Libiya, rashin ganin sunan mutum a rajista ba hujja ba ce cewa sana'ar da aka koya masa ta riƙe shi.

Wa ya kawo canjin?

Babbar matsalar aunawa ita ce danganta canji ga wanda ya kawo shi. A watan Maris 2020, saboda cutar korona, Shugaba Mahamadou Issoufou ya yi wa fursunoni 1,540 afuwa. Duk ƙungiyar da ke aikin rage cunkoso a wannan shekara za ta ga alƙalumanta sun yi kyau ba tare da ƙoƙarinta ba. Haka kuma a watan Nuwamba 2023 hukumomin mulkin soja suka soke dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, suka shafe hukunce-hukuncen da aka yanke a ƙarƙashinta. Ko canjin wurin aikin alƙali guda a ƙaramar kotu na iya sauya saurin shari'a fiye da tallafin shekara uku.

Hanyar kauce wa wannan ruɗani ita ce a ɗauki alƙaluma kafin a fara aiki, sannan a kwatanta da wurin da ba a yi aikin ba. Idan an sa masu taimakon shari'a waɗanda ba lauyoyi ba a Matameye, sai a duba rajistar Magariya ko Tanut a lokaci guda. Idan kwanakin tsarewa sun ragu a ko'ina, to dalilin na ƙasa baki ɗaya ne. Idan sun ragu a Matameye kaɗai, to akwai alamar aikin ya yi amfani. Da yake fursunonin ƙaramin gidan kaso ba su da yawa, 'yan mutane kaɗan na iya karkatar da lissafi, don haka ana buƙatar shekaru da yawa a jere kafin a yanke magana.

Misalai biyu daga ƙetare sun nuna amfanin kwatantawa. A Amurka an yi shirin Scared Straight tun shekarun 1970, inda ake kai matasa masu ƙiriniya gidan yari domin fursunoni su tsorata su. Iyaye da masu ba da kuɗi sun yaba da shi, amma bitar gwaje-gwaje tara da aka buga a 2002 ta nuna cewa waɗanda aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya. A Ingila kuwa, a 2010 aka fara wani shiri a gidan yarin Peterborough da kuɗin gidauniyoyi, bisa sharaɗin gwamnati ba za ta biya su ba sai an rage komawa ga laifi da aƙalla kashi 7.5 cikin 100. Masu bincike daga waje suka kwatanta fursunonin da irinsu na wasu gidajen yari, a 2017 aka bayyana cewa raguwar ta kai kashi 9 cikin 100. A shirin farko kyakkyawar niyya ta ɓoye illa har sai da aka kwatanta. A na biyu an amince da ma'aunin tun kafin a kashe ko sisi.

Darasi daga maƙwabta

Najeriya ta yi dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2015, jihohi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, Kano ta yi tata a 2019. Gidauniyar MacArthur ta zuba kuɗi wajen yaɗa dokar da horar da masu aiki da ita. Idan da yawan jihohin da suka karɓi dokar za a auna, nasara ce babba. Amma har yanzu kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne. Wannan bai nuna tallafin ya tafi a banza ba, ya dai nuna cewa sa hannu a doka mataki ne na tsakiya. Dokar ta umurci alƙalan majistare su riƙa duba ofisoshin 'yan sanda kowane wata, kuma abin aunawa shi ne ko ana zuwa, da mutum nawa ke fita sanadin zuwan.

Wani shirin da aka fara a 2005 a jihohi huɗu, cikinsu har da Sakkwato da Kaduna, ya sa matasan lauyoyi masu yi wa ƙasa hidima a ofisoshin 'yan sanda domin su ga wanda aka kama tun kwanakin farko. A Malawi ma tun shekara ta 2000 ake amfani da masu taimakon shari'a waɗanda ba lauyoyi ba a gidajen yari. Irin waɗannan ayyuka sun fi sauƙin aunawa, domin kowane mutum yana da suna, ranar shiga da ranar fita.

Ɗorewa da amanar alƙaluma

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi da haɗin gwiwar tsaro da Nijar, a watan Fabrairu 2025 kuma hukumomi suka umurci ƙungiyar agaji ta CICR, wadda ta daɗe tana ziyartar gidajen kaso, da ta rufe ofisoshinta. Waɗannan abubuwa sun nuna cewa kuɗin waje na iya yankewa dare ɗaya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya ado. Aikin da ya tsaya ranar da man babur ya ƙare bai gyara tsari ba, hidima ce ta ɗan lokaci. Wanda ya ɗore shi ne wanda ya shiga kasafin ma'aikatar shari'a, ko ya zama al'adar aiki, kamar alƙali ya riƙa duba rajistar gidan kaso a kai a kai. Shi ya sa ya fi dacewa a sake aunawa shekara biyu ko uku bayan rufe aikin.

Wanda ke aunawa ma abin lura ne. Ƙungiyar da ke neman a sabunta mata tallafi ba za ta so ta rubuta gazawarta ba, mai ba da kuɗi ma yana son labarin nasara. Don haka ake buƙatar mai bincike daga waje, kamar malaman jami'a, da kuma bayyana sakamakon ga jama'a da Hausa, a gaban sarakuna, malaman addini da iyalan fursunoni. Dole kuma a kare sunayen waɗanda aka tattauna da su, domin fursuna ba zai faɗi gaskiya a gaban mai tsaronsa ba, kuma a ƙaramin gari kowa ya san kowa. Akwai haɗarin bin alƙaluma ido rufe: idan yawan waɗanda aka saki kaɗai ake ƙirgawa, ma'aikata za su zaɓi ƙananan ƙararraki su bar wanda ya fi daɗewa a tsare. Haka nan ba a manta da wanda aka yi wa laifi, domin sakin da bai zo da sulhu ko diyya ba yana iya sa jama'a su koma ɗaukar doka a hannunsu.

Tallafin gyaran shari'ar laifuka ya cancanci a kira shi mai tasiri ne idan rajista ta nuna kwanakin tsarewa sun ragu, kwatance da wani gari ya nuna aikin ne ya rage su, kuma raguwar ta ci gaba bayan kuɗin ya ƙare. Rahoton da bai amsa waɗannan abubuwa uku ba lissafin kashe kuɗi ne kawai.